Jijiyar da ta Zama Dutse: Nazarin Wata Gawa a Oxford da Zoben Jinin Ƙwaƙwalwa

A littafinsa kan ƙirar ƙwaƙwalwa, wanda ya fito a Landan a 1664 da harshen Latin, likita Thomas Willis na Oxford ya kawo labarin wani mutum da shi da abokan aikinsa suka feɗe gawarsa. Bai ambaci sunansa ko shekarunsa ba, illa dai ya nuna mutumin mai hali ne. Ajalinsa a ciki yake. Wani ƙari mai tauri ne ya fito masa a tantanin da ke riƙe da hanji, ya yi ta girma har ya koma gyambo, shi ne ya kai shi kushewa. Sun buɗe ƙoƙon kan ne don a shekarun nan Willis ya duƙufa kan duba ƙwaƙwalwa, ta mutum da ta dabba, duk wadda ta zo hannunsa.

Da suka ɗaga ƙwaƙwalwar sai suka ci karo da abin da ba shi suka zo nema ba. Babbar jijiyar jinin da ke hawowa ta gaban wuya a ɓangaren dama, wadda likitoci ke kira karotid, ta ƙandare daidai inda take shigowa cikin kai. Willis ya fara cewa ta zama ƙashi, sai ya gyara ya ce dutse ya fi dacewa da ita. Ramin da jini ke bi a cikinta kuwa ya kusa rufewa ruf.

A ilimin wancan zamanin ma, wannan mutum bai kamata ya kai labari ba. Shekara shida kafin nan, a 1658, Johann Jakob Wepfer na garin Schaffhausen a Suwizalan ya riga ya nuna cewa faɗuwar nan ta farat ɗaya mai shanye ɓarin jiki tana zuwa ne ko daga fashewar jijiya a cikin kai, ko daga toshewar hanyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. To ga hanya ta toshe, kuma babbar hanya. Amma mutumin bai taɓa faɗuwa ba. Willis ya tabbatar da cewa har numfashinsa na ƙarshe yana cikin hayyacinsa, gaɓoɓinsa na motsi yadda ya kamata.

Suka ci gaba da dubawa, suka ga abu na biyu. Jijiyar da ke hawowa ta bayan wuya a wannan ɓangaren na dama, wato batibiral, wadda ke ratsa ramukan ƙasusuwan wuya ta shiga kai ta ƙeya, ta yi kauri har ta ninka ta hagu wajen sau uku. Sannan aka tuna da wani abu daga tarihin jinyarsa: a farkon rashin lafiyar ya sha fama da matsanancin ciwon kai a ɓangaren hagu, daga baya ciwon ya tafi da kansa ba tare da magani ba.

Bayanan da aka bar mana ke nan, ba su wuce sakin layi ɗaya ba. Amma a kansu aka ɗora wani ra'ayi da har yau ake koyar da ɗaliban likitanci a ajin farko: cewa jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini haɗe suke a wani zobe, idan ɗaya ta toshe sauran su ɗauki nauyinta.

Su wane ne masu fiɗar

An haifi Willis a 1621 a ƙauyen Great Bedwyn, ya yi karatu a Oxford, yaƙin basasar Ingila ya same shi yana ɓangaren sarki, abin da ya tauye masa ci gaba na wasu shekaru. Da sarauta ta dawo a 1660 sai aka ba shi kujerar farfesa a jami'ar. Ya rasu a Landan a 1675. Kafin littafin ma sunansa ya riga ya zagaya, domin a ƙarshen 1650 shi da William Petty ne aka kawo wa gawar wata baiwar Allah, Anne Greene, da aka rataye, suna shirin fiɗa suka ga tana numfashi, suka yi ta fama har ta farfaɗo ta ci gaba da rayuwarta.

Aikin ƙwaƙwalwar na taro ne. Richard Lower shi ne mai riƙe wuƙa, kuma Willis ya yaba wa ƙwarewar hannunsa a gabatarwar littafin. Thomas Millington yana cikin masu tattauna abin da aka gani. Zane-zanen kuma da yawansu na Christopher Wren ne, wanda bayan gobarar Landan ta 1666 ya tsara ginin babbar majami'ar St Paul. A lokacin Wren masanin taurari ne mai son gwaje-gwaje, kuma tun wajen 1656 ya gwada ɗura ruwa cikin jijiyar kare da bututun gashin tsuntsu haɗe da mafitsarar dabba. Wannan dabarar ɗurin ta yi wa aikin nasu rana sosai.

Akwai kuma yadda suke fiɗar. Mafi yawan magabatansu sukan bar ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙonta su riƙa yankowa daga sama, kafin su isa ƙasa komai ya dagule. Su Willis sukan ciro ta ɗungurungum su kife ta, ƙasanta ya kalli sama. A nan ne jijiyoyin ke kwance a fili.

Yadda zoben yake

Hanyoyi huɗu ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Karotid biyu ta gaba, dama da hagu, su ne waɗanda mutum ke jin bugunsu idan ya ɗora yatsa a gefen maƙogwaro. Batibiral biyu ta baya, waɗanda da sun shiga kai sai su haɗe su zama jijiya guda mai suna basila, ta hau ta gaban kututturen ƙwaƙwalwa, sannan ta rabu biyu zuwa bayan ƙwaƙwalwa inda cibiyar gani take. Kowace karotid ita ma takan rabu: reshe ɗaya ya nufi gaba, wani babba ya nufi gefe, shi ne jijiyar tsakiya, mai ciyar da wuraren da ke sarrafa hannu da fuska da magana.

Abin da ya mayar da wannan tsari zobe wasu 'yan gajerun jijiyoyi ne guda uku. Ɗaya a gaba, tsawonta 'yan milimita kaɗan, tana haɗa reshen gaba na dama da na hagu. Biyu a gefe, kowacce tana haɗa karotid ɗin ɓangarenta da reshen basila na baya. Idan ka bi su da yatsa za ka zagayo ka dawo inda ka fara, ka kewaye mahaɗar jijiyoyin gani da wuyan 'yar tsokar da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ake kira fituwitari. Faɗinsa duka bai wuce 'yan santimita ba, kuma a gaskiya kusurwa-kusurwa gare shi, zagayensa ba sumul ba ne.

Shataletale ne, a taƙaice. Titi uku na shigowa, wato karotid biyu da basila, tituna shida na fita, idan an rufe ɗaya daga masu shigowa motoci na iya zagayowa ta wani su fita inda suka nufa. Sai dai a ranar da komai ke lafiya, jini kaɗan ne ke bin 'yan mahaɗan nan uku, saboda ƙarfin turin jinin dama da na hagu, na gaba da na baya, kusan ɗaya ne. Sai turin wani ɓangare ya faɗi sannan jini ke kwararowa daga inda ya fi ƙarfi.

Dalilin da ya sa maganar ke da nauyi shi ne ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana karɓar wajen kashi 15 na jinin da zuciya ke turowa, tana cinye wajen kashi 20 na iskar oksijin. Idan jini ya yanke mata baki ɗaya, cikin daƙiƙa goma mutum ya sume, cikin 'yan mintoci ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Willis bai gano zoben ba, ko da yake sunansa ya bi shi. Gabriele Falloppio ya bayyana mafi yawansa a 1561, zanen Giulio Casserio da aka buga a 1627 ya nuna shi amma da giɓi, Johann Vesling ya zana shi a 1647, Wepfer ma ya yi bayaninsa da kyau. Kafin su duka, fiye da shekara dubu likitoci sun yi ta maimaita maganar Galen, likitan Girkawa na zamanin da, cewa akwai wata ragar jijiyoyi a ƙasan ƙwaƙwalwar mutum, alhali a tumaki da shanu ya gan ta; masanin ƙirar jiki Vesalius ya ƙaryata hakan a 1543. Abin da Willis ya fi su da shi shi ne ya zo bayan William Harvey, wanda a 1628 ya tabbatar da cewa jini zagayawa yake. Wanda ya san jini na gudu a cikin bututu shi ne zai tambayi amfanin haɗa bututun da juna.

Ya kuma gwada. Sukan ɗura ruwa mai tawada a karotid ɗaya, sai su ga launin ya fito a rassan ɗaya ɓangaren, ya rine ƙwaƙwalwar ko'ina. Lower ya rubuta wa masanin kimiyya Robert Boyle cewa sun ɗaure wa wani ɗan kare karotid duka biyu, kare ya tashi ya ci gaba da harkokinsa. Wannan gwajin na biyu ya fi burgewa amma hujjarsa ta fi rauni, don kare na da hanyoyin ratse a wuya da kai waɗanda mutum ba shi da irinsu.

Fassarar da Willis ya yi wa gawar

A wurinsa lamarin a bayyane yake. Karotid ta dama ta toshe, jinin da aka hana shiga ta nan ya karkata ya ƙaru a kan na batibiral ta dama, ambaliyar biyu ta buɗa ta har ta yi wannan kaurin, daga nan jini ya bi mahaɗai ya isa duk inda karotid ɗin ke ciyarwa a da. Ciwon kan hagu kuma ya ce a farko jinin da aka kora daga dama ya afka wa karotid ta hagu da ƙarfi, ya miƙe tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, da batibiral ta buɗe ta ɗauke rarar sai ciwon ya lafa. Ya ɗauki abin a matsayin tanadi da aka yi wa ɗan Adam tun a halitta: hanya huɗu a haɗe, ko an rasa ɗaya ko biyu sauran su riƙe.

A ce mutumin da ba shi da na'urar hoto, ba shi da ma'aunin hawan jini, ya haɗa tarihin jinya da abin da ya gani a gawa da sakamakon gwaji ya fito da wannan bayani, dole a sara masa. Jigon maganarsa daidai ne. Wasu rassanta ne ke buƙatar a sake dubawa.

Idan likitan yau ya karɓi fayil ɗin

Zai fara da dutsen. Jijiya ba ta ƙandarewa haka a mako ko wata. Kitse ne ke taruwa a bangonta shekara da shekaru, sinadarin kalsiyam ya zauna a kai, bangon ya yi ta kauri ramin na tsukewa. Daidai wannan lanƙwasar da karotid ke yi a ƙasan ƙoƙon kai wuri ne da ake yawan ganin farin kalsiyam a hoton sikanin na tsofaffi, musamman masu hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda. Ke nan mutumin Willis ya samu abin da mai toshewar farat ɗaya ba ya samu, wato lokaci. Jijiyar da jini ya ƙaru a cikinta takan faɗaɗa a hankali, 'yar mahaɗar da a da siririya ce ta zama hanya sosai. Akwai ma wasu hanyoyin ratse a wajen zoben: jini na iya biyowa daga jijiyoyin fuska ya shiga ta jijiyar ido ya juyo baya zuwa cikin kai, kuma ƙananan rassa a saman ƙwaƙwalwa na iya miƙa wa juna hannu. Duk waɗannan sai da lokaci suke buɗewa. Da gudan jini ne ya taso daga zuciya ya toshe wannan jijiyar cikin daƙiƙa guda, labarin zai iya zama daban ko da zoben bai canza ba.

Sai maganar batibiral mai kauri. Nan ina ganin Willis ya yi saurin yanke hukunci. Batibiral biyun nan da wuya su zo daidai da juna ko a mai lafiya. A mutane da yawa ɗaya ta fi ɗaya tun daga haihuwa, wani lokaci ƙaramar ma kamar ba ta nan. Galibi ta hagu ce babba, wanda hakan ya ɗan ƙarfafa masa gwiwa tunda a nan ta dama ce. Amma duka biyun a basila suke zubawa, don haka idan ƙwaƙwalwa na jan ƙarin jini ta baya, daga dukansu za ta ja. Mai yiwuwa mutumin da babbar batibiral ta dama aka haife shi, buƙata ta ƙara buɗa ta. Kuma komai kaurinta, jininta ba zai isa gaban ƙwaƙwalwar dama ba sai mahaɗar gefe ta dama na da faɗi, ko kuma karotid ta hagu ta ciyar da dama ta mahaɗar gaba. Waɗannan 'yan jijiyoyin su ne ainihin masu ceton.

Ciwon kan kuwa, Willis ya yi daidai da ya ɗora shi a kan tantani, domin naman ƙwaƙwalwa kansa ba ya jin zafi, tantaninta da manyan jijiyoyinta ne ke ji. Amma ciwon kan da cutar karotid ke kawowa ya fi zuwa a ɓangaren da jijiyar ta lalace, nasa kuwa a ɗaya ɓangaren yake. Mutumin da ƙari ke cin cikinsa na da dalilan ciwon kai barkatai. Na fi karkata ga cewa a nan Willis ya ga labari mai daɗin haɗawa ne ya haɗa.

Babban gyaran da zamani ya yi masa shi ne na ɗaukar cewa kowa irin wannan zoben gare shi. Zanen Wren ya nuna zobe cikakke, dama da hagu daidai wa daida, kuma shi ake ta kwafa a littattafai. Da aka zo ana duba ɗaruruwan ƙwaƙwale a ƙarni na 20, sai aka ga wannan siffar ba ta kowa ba ce. Gwargwadon yadda masu bincike suka auna, daga wajen kashi 20 zuwa wajen kashi 50 cikin 100 ne ke da ita. Sauran, wani mahaɗar gefensa ɗaya siririya ce ƙwarai, wani babu ita sam, wani reshen gabansa na ɓangare ɗaya bai girma ba har karotid guda ce ke ciyar da gaban ƙwaƙwalwa dama da hagu. A wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, jijiyar bayan ƙwaƙwalwa daga karotid take shan jininta maimakon basila, kamar yadda take tun yana ciki. Duk waɗannan mutane lafiyarsu lau, ba su san da wani bambanci ba, sai ranar da hanya ɗaya ta rufe. Yawan wannan giɓin ne ma ya sa wasu masu bincike a Kuroshiya suka kawo ra'ayi a 2014 cewa asalin aikin zoben rage ƙarfin bugun jini ne a cikin ƙoƙon da ba ya buɗawa, ceto lokacin toshewa kuwa riba ce ta gefe. Ba kowa ya karɓa ba, amma tambayar tasu tana kan hanya: tanadin da rabin mutane ba su da shi cikakke, da wuya a ce don shi kaɗai aka yi abin.

An daɗe kafin a iya sanin irin zoben mutum yana da rai. Likitocin fiɗa na ƙarni na 19 da suka riƙa ɗaure karotid saboda rauni ko kumburin jijiya sun ga abin da idonsu: wani ya tashi garau, wani ya farka da rabin jiki a mace. Egas Moniz na Lisbon ne ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwar mai rai a 1927, ta hanyar ɗura sinadarin da ke fitowa a hoto. A 1951 Miller Fisher, yana aiki a Montreal, ya nuna cewa cutar karotid na cikin manyan sabubban shanyewar ɓarin jiki, kuma sau da yawa takan yi gargaɗi: ido ɗaya ya rufe na 'yan mintoci ya buɗe, daga baya ɗaya ɓarin jikin ya shanye. A 1954 aka ba da rahoton gyaran karotid da aka yi cikin nasara a asibitin St Mary's na Landan.

A yau, wajen aikin kankare karotid, wato cire kitsen da ya tsuke ta, ana maimaita gwajin mutumin Willis a kan tebur da gangan. Dole a matse jijiyar kafin a tsaga ta. A asibitocin da ke yin aikin da allurar kashe zafi, majinyaci na farke, sai a damƙa masa 'yar robar wasan yara mai ƙara a hannun da ke ɗaya ɓangaren. Likita ya matse jijiya, mai ba da maganin barci ya ce, "Baba, matsa robar. Ƙirga min daga ɗaya zuwa goma." Idan ƙara na fita kuma harshe bai karye ba, zoben ya ɗauki nauyin, a ci gaba. Idan hannu ya saki ko magana ta fara lauyewa, nan take a sa ɗan bututu ya tsallake wurin aikin. Wajen mutum ɗaya cikin goma ne ke buƙatar bututun.

Zoben na da nasa sharrin. Wuraren da jijiyoyi ke rabuwa a kansa su ne inda bango ke yin rauni ya kumbura ya yi 'yar jaka. Wajen kashi 3 cikin 100 na manya na ɗauke da irin wannan kumburi, yawancinsu har su mutu bai fashe ba. Mahaɗar gaba ce ta fi yinsa. Na mahaɗar gefe kuma yakan danne jijiyar da ke motsa ido, fatar ido ta sauko, baƙin tsakiyar ido ya buɗe, wanda alama ce ta a garzaya asibiti. Idan ya fashe, mutum kan ji ciwon kan da bai taɓa jin irinsa ba, a daƙiƙa ɗaya. Walter Dandy ne ya fara maƙale wuyan irin wannan jaka da ɗan ƙarfe a 1937 a Baltimore.

Inda zoben ba ya ceto

Akwai sa'a ɗaya ta mutumin nan da Willis bai tsaya a kanta ba, ita ce wurin da toshewar ta faɗa. Ta tsaya ne kafin zoben, zoben da rassansa suna nan a buɗe. Da a jijiyar tsakiya ce, wadda ke fita daga zoben, ko zobe ya fi na zanen Wren kyau ba abin da zai yi, don an riga an wuce shi. Shi ya sa toshewar jijiyar tsakiya ke cikin mafi munin shanyewar ɓarin jiki.

A nan ne maganar ta iso gidajenmu. Najeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, wajen jarirai 150,000 a shekara. A jikin yaro mai sikila, jijiyoyin da cutar ta fi tsukewa su ne ƙarshen karotid da farkon jijiyar tsakiya da farkon reshen gaba, wato zoben kansa da bakin ƙofofinsa. Idan tsukewar ta yi nisa sai wasu siraran jijiyoyi su tsiro a ƙasan ƙwaƙwalwa suna neman ratse, amma ba su da ƙarfi, suna iya toshewa ko su fashe. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 1998 ya nuna wajen kashi 11 cikin 100 na masu sikila mai tsanani na samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Yaro ɗan shekara shida ya tashi da safe hannu ba ya ɗaguwa, baki ya karkace, a gida a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wajen mai magani, kwanaki su wuce.

Abin da Willis sai a gawa ya gani, yanzu ana sauraronsa a kan yaro yana kwance yana kallon silin. Na'urar dopla ta auna gudun jinin kai, wadda Rune Aaslid ya fito da ita a 1982, ana shafa ɗan man sikanin a gefen kai gaban kunne inda ƙashi ba shi da kauri, a ɗora kan na'urar, sai a ji shuu, shuu, ƙarar jini na wucewa. Ba allura, ba zafi. Inda jijiya ta tsuke jini ya fi gudu, don haka gudun ake aunawa. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa lafiya ne. Daga 170 zuwa 199 a sa ido a sake aunawa. Daga 200 zuwa sama yaron na cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wajen kashi 10 cikin 100 a kowace shekara. Gwajin da Robert Adams ya jagoranta a Amurka, shi ma na 1998, a kan yara 130, ya nuna ƙarin jini a kai a kai na rage wannan haɗari da kashi 92 cikin 100. Daga nan aka ba da shawarar a riƙa auna duk mai sikila daga shekara 2 zuwa 16, sau ɗaya a shekara.

Ƙarin jini kowane wata abu ne da yawancin iyalai a Kano ko Maraɗi ba za su iya ba. Jinin kansa sai an nemo mai bayarwa, ga kuɗi, ga sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki wanda cire shi wani kuɗin ne. Saboda haka likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da na Barau Dikko a Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidroksiyuriya a madadinsa. Sakamakon ya fito a 2022. Yara 220 ne masu shekara 5 zuwa 12, dukansu gudun jininsu ya kai 200 ko ya haura, aka raba su biyu: wasu na shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, wasu 20. Uku ne suka samu shanyewar jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, bambancin da bai kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba, kuma duka biyun sun yi ƙasa sosai da abin da aka sani na yaran da ba a yi wa komai ba. Masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Uwar da ke kai ɗanta asibitin sikila tana da damar ta tambayi likita ko an auna gudun jinin kansa a bana, kuma nawa ya nuna.